Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Da ƙanwata ta haihu a unguwar Whalley Range da ke Manchester, mijinta ɗan Fotugal ya raɗa wa yaron wani suna da ya cika ƙasarsu da Sifaniya. Ni na ɗauko Inna daga gidanta a unguwar Sparkhill, tana faɗa har Manchester: "Duk sunayen duniya, sai na 'yan ƙwallo?"

Da muka isa, surukin ya durƙusa ya ce, "Inna, asalinsa sunan Annabi Yusuf ne, haka muke faɗarsa."

Yusuf kuwa sunan marigayi Babanmu ne, wanda Inna ba ta taɓa furtawa ba don kunya.

Sai ta karɓi jaririn tana dariya. "Kun gama da ni! Wannan ma ya fi ƙarfin bakina."

Har yau Maigida take kiransa.