Jakadan da Aka Lissafa Cikin Ɓarayin Mai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Nuwamba, jim kaɗan bayan la'asar, Allah ya karɓi ran taubashina, Alhaji Zayyad Maiturare Lakwaya, tsohon jakadan ƙasar nan, yana da shekara sittin da takwas. Ya rasu a gobarar wata tankar mai da ta kife a hanyar Kano zuwa Gwarzo, kusa da inda ake karyawa a nufi Durun. Mutum goma sha bakwai wutar ta ci, yana cikinsu.

Washegari, muna dawowa daga maƙabarta, ƙasa ba ta bar ƙafafunmu ba, sai ga sanarwar hukuma a rediyo. Wai ɓarayin mai goma sha bakwai sun hallaka kansu saboda kwaɗayi. Babu suna ko ɗaya, adadi kawai. Na tsaya a bakin titi. Ɓarawo! Zayyad! Wannan kalmar ce ta sa na ɗauki biro, ni Lukuman, wanda karatunsa ya tsaya a aji biyu na sakandare, ya kuma yi shekara ashirin da shida yana tuƙa tanka. In rubutuna bai yi daɗi ba, a yi haƙuri, ba sana'ata ba ce.

Zayyad, mahaifiyarka ƙanwar mahaifina ce, don haka tun muna yara nake kiranka bawana, kai kuma kana ce mini sarkin barci. Ka tafi jami'a, na shiga mota. Ka zama babban mutum mai zuwa Yamai da Aljiyas da Injamena, ana buɗe maka ƙofar mota, amma ko sau ɗaya ba ka hana ni tsokanarka a gaban baƙi ba. Kuma abin dariya, duk tsawon aikinka, ƙoƙarin kashe mini sana'a kake yi. Nakan ce maka, "Kai dai ba ka da mutunci. Mutum na cin abinci da tanka, kai kana yawon ƙasashe kana cewa a shimfiɗa bututu." Sai ka yi murmushi ka ce, "Gara ka rasa sana'a da in rasa ka."

Ra'ayinka ba ɓoyayye ba ne, duk wanda ya zauna da kai minti goma ya ji shi. Kana cewa mai da iskar gas na wannan yanki su bi ƙarƙashin ƙasa, ƙasashen da ke maƙwabtaka su haɗa hannu su yi bututu su kula da shi tare, tanka ta zama ta ɗan gajeren zango daga depo zuwa gidan mai. Kana cewa in za a ja bututun gas ya ratsa hamada don mutanen ƙetare su ji ɗumi, to dole a fitar da reshe zuwa garuruwan da ya ratsa. A wurin taro, in aka fara lissafin sojoji nawa za su tsare bututu, sai ka ce garin da yake dafa abinci da gas ɗin shi zai fi kowa tsare shi. Ba ka yarda a mayar da mai ko wutar lantarki bulalar dukan maƙwabci ba. Lokacin da aka rufe iyakar ƙasa ka riga ka yi ritaya, amma kwana biyu ba ka ci abinci sosai ba. Ka ce mini, "Lukuman, man nan ba zai daina tafiya ba. Zai dai sauka daga titi ya hau babur a cikin jarka, ya bi daji."

Wannan ilimi ba a ofis kaɗai ka samo shi ba, ni shaida ne. Wata shekara ka ɗauki hutu, ka same ni a Legas, ka ce da ni za ka dawo Kano. Na ɗauka wasa ne. Kwana huɗu ka yi a gaban tankata, da ɗan littafinka a cinya. Duk inda muka wuce ƙonanniyar mota a gefen hanya sai ka ja layi, kafin mu iso Zariya ka ja sha ɗaya. Ka tambaye ni burki, ka tambaye ni taya, ka tambaye ni awa nawa nake runtsawa, na faɗa maka gaskiya. Da muka sauka ba ka iya miƙewa tsaye ba, sai da na kama ka. Na yi maka dariya har da hawaye, na ce yau bawa ya san wahalar ubangidansa.

Ka koma ka rubuta rahoto mai kauri. Ka karanta shi a taron ƙasashe, aka tafa. A gida kuwa, abokan aikinka suka laƙaba maka Jakadan Direbobi, suna dariya a bayan idonka. Aka kafa kwamiti. Kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti. Har ka ajiye aiki ba a sake jin ɗuriyar rahoton ba, kuma ban taɓa jin ka zagi kowa a kai ba. Ni ne nake zagin a madadinka.

Da ka dawo Lakwaya ba ka zauna a kujera kana jiran gaisuwa ba. Ka bi dagatai da masu unguwanni, daga garin Jama'a har Kabo, kana roƙon a ba ka minti biyar bayan sallar Juma'a. Abin da kake faɗa bai wuce wannan ba: in tanka ta faɗi, a gudu, a yi nesa, kada a tayar da babur, kada a kusanto da bokitin ƙarfe. Wasu su saurara, wasu su ce tsufa ne ya fara taɓa Ambasada. Amma ko sau ɗaya ban ji ka kira masu kwasar man nan da mummunan suna ba. Ka ce mutumin da injin ban ruwansa ya kwana uku a kashe don ba shi da abin sayen fetur, in ya ga fetur na gudu a kwata, ba hankalinsa ne ke tafiya da shi ba.

Yadda abin ya faru, daga bakin Furera na ji, wata baiwar Allah mai soya awara a bakin hanyar, wadda ta tsira. Ranar ka je gonarka ta wajen Durun duba yankan dawa, sanye da tsohuwar taguwa da malafa. Kana dawowa ka tarar da tanka kwance, mai na kwarara, jama'a sun yi dafifi da bokitai da jarkoki. Ka ajiye motarka can nesa, ka taho da gudu, dattijo da kai, kana ihu. Furera ta ce ta cika robarta ke nan sai wani tsoho ya fizge ya watsar, ya tura ta gaba. Ta ce, "Wallahi Alhaji zaginsa na yi. Na ce Allah ya isa. Na tafi gida ɗauko wata robar, ina ƙofar gida na ji ƙarar fashewar tankar." Tana faɗa tana kuka, ta ce a roƙar mata gafarar iyalinka. Waɗanda suke wurin sun ce sau biyu kana fitar da mutane kana komawa. A na ukun ne ba ka fito ba.

To, ni direba ne, bari in faɗi abin da sanarwar ba ta faɗa ba. Na je asibiti na ga direban motar, hannunsa a karye. Burki ne ya ƙi, kuma tun kafin ya taso ya faɗa wa mai motar, aka ce ya lallaɓa. Ramin da ya kauce wa ya fi shekara a wurin. Tankar ta yi kusan awa guda a kwance ba a sami wanda ya zo ya kewaye wurin ko da igiya ba, sai tsoho ɗaya mai malafa. Duk wannan ba a ga laifin kowa ba, sai na matattu, don su ba sa iya mayar da magana. Tir da wannan hali!

Rana ta uku labari ya isa manyan ofisoshi cewa akwai tsohon jakada a cikin mamatan. Kai jama'a, ka ga motoci! Lakwaya ba ta taɓa ganin irinsu ba. Waɗanda suka yi masa laƙabi su ne a sahun gaba, suna cewa ƙasa ta yi rashin gwarzo mai hangen nesa. Na ciji leɓe don albarkacin zaman makoki. Bayan addu'a, shugaban tawagar, wani darakta, ya nemi a kai shi ya yi wa uwargida ta'aziyya. Ni na raka shi har ƙofar ɗakin da Hajiya Sa'ada take takaba. Ya yi gaisuwa mai kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sannan ya ce an yi kuskure, kuma za a gyara. Za a fitar da sabuwar sanarwa a ce mutum goma sha shida ne suke kwasar mai, na sha bakwai jarumi ne da ya je ceto. Ya zaro takarda, ya ce sa hannun iyali kawai ake jira.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: na ji daɗi. Abin da nake nema ke nan tun ranar Alhamis. Har na miƙa hannu zan karɓi takardar.

Sai Sa'ada ta yi magana daga bayan labule, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, mun gode da tattaki. Su goma sha shidan fa, wane suna za a bar musu?"

Darakta ya ce ai wannan bincike ne zai nuna.

Ta ce, "Hadi mai faci yana cikinsu. Matarsa ta zo nan jiya da goyo, ta kasa ɗaga kai don kunya, wai mijinta ya mutu ɓarawo. Alhaji bai taɓa kiransu haka ba yana raye, ba zan sa hannu a kira su haka da sunansa ba. In za a cire kalmar, a cire wa kowa. In ba za a cire ba, a bar shi tare da su."

Na janye hannuna, kunya ta rufe ni. Shekara sittin ina tare da kai, Zayyad, amma sai da matarka ta tuna mini ko kai wane ne. Darakta ya ce zai isar da saƙo, ya naɗe takardarsa. Kafin su tafi ya nemi a nuna musu kabarinka su yi addu'a, mai ɗaukar hoto na biye da shi. Mai unguwar da ya jagoranci jana'izar ya ce masa, "Ranka ya daɗe, wuta ba ta bar mana fuskar kowa ba. Ga su nan a jere, Allah kaɗai ya san wane ne wane."

Yau kwana ashirin. Ba a gyara sanarwar ba, ba a kuma sake waiwayarmu ba. A takardun hukuma, mutumin da ya yi shekara talatin yana roƙon a sauke mai daga kan titi yana nan cikin ɓarayin mai. Ina kira ga duk wanda ya rubuta kalmar nan, da wanda ya sa hannu aka karanta ta, su ji tsoron Allah su janye ta daga kan mutum goma sha bakwai. Ba alfarma muke roƙo ba. Akwai marayu da za su tashi da wannan suna a kansu, a makaranta da kasuwa da wajen neman aure. Ni dai ban yafe ba, kuma ba zan yi shiru ba muddin ina numfashi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Sa'ada, da 'yarsa Bushira da ƙannenta, da dukkan zuriyar Maiturare, da mutanen Lakwaya. Ina miƙa ta ga iyalan Hadi da sauran gidaje goma sha biyar na Durun da kewaye, waɗanda babu motar da ta tsaya a ƙofarsu. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya, ya raya abin da suka bari.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Zayyad. Ka karɓi shahadarsa, ka sanya wutar da ya shiga don bayinka ta zama ita ce ta ƙarshe da zai gani. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata makwancinsa, ka haɗa shi da Manzon rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka yi haka ga waɗanda suke kwance tare da shi. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Taubashina, ranar Juma'a na je ziyara. Na tsaya a kan na farko na yi maka addu'a, na matsa na biyu na yi, har na kai ƙarshen layi, don ban san wanne ne naka ba. Haka zan riƙa yi har Allah ya haɗa mu.

Lukuman Direba, Gwarzo.