Inna Hajo da Gidan Matattun Kwamfutoci

A unguwarsu a Gadarif ta ƙasar Sudan, in ka ce kana neman Hajo, sai a ce maka, "Wacce, mai tambayar nan?" Tun tana yarinya a garinsu Ƙala'at an-Nahal haka take. Kakanta ya baro ƙasar Katagum da niyyar Makka, damina ta tsare shi a hanya, ya ga baƙar ƙasa mai ba da dawa, ya ce bari ya yi noma ɗaya ya wuce. Nan ya tsufa, nan aka binne shi. Hajo ta taso tana damun tsofaffi: me ya hana shi ƙarasawa? Me ya sa riɗi yake fashewa in an bar shi ya bushe a tsaye? Mahaifiyarta takan ce yarinyar nan sai ta sa mutum ƙarya kafin ta ƙyale shi.

Ta auri Husain, direban tarakta a manyan gonaki, suka dawo birni. Ta yi shekaru tana tankaɗe da tsintar riɗi a kasuwar amfanin gona, har ƙaiƙayi ya kama mata ƙirji, likita ya ce ta bari. Zaman gida bai karɓe ta ba ko kaɗan. 'Ya'ya sun girma, Husain yana can gonakin Fau tun daga shuka har girbi.

A ƙarshen layinsu akwai wani tsohon sito da wata ƙungiyar sa-kai ta kama. Hajo ta riƙa ganin amalanken jaki suna sauke tsofaffin kwamfutoci a ƙofar, wasu ba murfi, wasu wayoyi na jan ƙasa. Ta daure, ta daure, wata safiya ta ja mayafi ta shiga. Ta tarar da shugaban wurin, Ustaz Elfadil, wani tsohon malamin makaranta mai furfura, ta gaishe shi da Larabci ta ce, "Ustaz, waɗannan gawarwakin me kuke yi da su?"

Ya yi dariya ya gaya mata. Ofisoshi ne suke ba su waɗanda suka mutu. Mai sauran numfashi a gyara ta a kai makaranta, wadda ta ƙare kuma a kwance ta, a ware jan ƙarfe daban, roba daban, don kada a ƙone ta a bola yara su shaƙi hayaƙin. Ta yi masa tambaya ta biyu, ta uku, ta huɗu. Da ya ga ba ta da niyyar tafiya, sai ya miƙa mata sukurdireba ya nuna mata benci.

Haka ta fara. Yatsun da suka saba tsince tsakuwa a cikin riɗi ba su sha wuya da ƙananan noti ba. Bakin ne dai ba ya hutawa. Matasan wurin in sun hango ta ta nufo su da wani abu a hannu, sai su ce, "Ga Inna nan da jarrabawa."

Da yaƙi ya tashi a Khartum, daga baya ya kai Madani, Gadarif ta cika maƙil. Makarantu suka zama gidajen kwana. Mutanen da suka saba fita aiki kullum suka rasa inda za su sa kansu, da yawa suka riƙa zuwa sito suna cewa a ba su ko me ne su yi. Sai dai ba mai lokacinsu. Wani bawan Allah ya ɗauki guduma ya fasa tsohon allon gilashi mai ƙaton baya, ya yanke hannu. Wata budurwa ta wuni a tsaye jikin bango ba wanda ya ce mata kanzil, ba ta sake dawowa ba. Wannan ya tsaya wa Hajo a rai. Daga ranar, duk baƙon da ya shigo ita ke tarbarsa ta zagaya da shi, har gwiwarta ta fara kumbura.

"Hajja," Ustaz Elfadil ya ce mata, "ke kaɗai ba za ki iya ba. Ki koya wa wasu."

"Ni me na sani da zan koyar?"

"Kin san abin da baƙo yake son tambaya yana jin kunya."

Aka ba ta mutum uku. Lamis ɗalibar injiniya ce da ta gudo daga Khartum, mai saurin magana. Rufa'i saurayi ne ɗan unguwa, yana jin Hausa da Larabci, amma muryarsa ba ta kai ƙarshen benci. Sai Jatau, dattijo ɗan ƙwadagon gona, wanda in ya fara labari sai shayi ya huce.

Hajo ba ta zaunar da su ta yi musu karatu ba. Fita ta yi waje, ta ja ƙofa, ta ƙwanƙwasa, ta shigo tana rarraba ido kamar ba ta taɓa ganin wurin ba.

"Salamu alaikum. An ce nan ake neman masu taimako."

Lamis ta fara. Ta ɗauko koren faifan nan na cikin kwamfuta, ta shiga zuba sunaye da Turanci. Hajo ta bari ta yi nisa, sannan ta ce, "'Yata, ina bayan gida yake?"

Lamis ta tsaya baki buɗe. "Khala," wato gwaggo da Larabci, "ai ban gama ba."

"Ni ma ban fara ji ba. Na taho a ƙafa daga nesa, ƙishirwa nake ji, kuma ban san sunanki ba."

Jatau ya yi dariya har da buga cinya, amma da aka zo kansa, labarin wani maciji da ya taɓa gani a cikin akwatin kwamfuta ya ɗauko. Hajo ta sulale daga bayansa, ta je ta ɗauki wani batir da ya kumbura, ta riƙa latsa shi da babban yatsa. Sai da Rufa'i ya yi ihu, "Inna, ajiye! Wuta yake kamawa!" Ya karɓe ya sa a bokitin yashi.

"Ashe kana da murya," ta ce masa. Ta juya wajen Jatau. "Malam, macijin nan a ajiye shi sai lokacin shayi. Idonka ya zauna kan hannun baƙo."

Haka suka yi ta yi kullum da safe kafin zafi ya tashi. Yau ta shigo a matsayin tsohuwa mai tsoron lantarki, gobe a matsayin babban ma'aikaci mai jin ya fi ƙarfin wanke hannu. Wata rana ta ƙi yin magana gaba ɗaya, don an ce wasu Habashawa daga sansanin 'yan gudun hijira na Umm Rakuba za su zo, sai da su ukun suka koyi nuna safar hannu da bokitin yashi da hannu kawai. Abin da ta fi nanata musu shi ne, in an tambaye ka abin da ba ka sani ba, kada ka ƙirƙira. Ka ce ba ka sani ba, ka ja mutum ku je wajen wanda ya sani.

Ranar da Rufa'i ya fara zagayawa da baƙi na gaske, Hajo tana biye a baya tana jan ƙafa. Cikin baƙin akwai wani magidanci mai suna Harun, mai sayar da yadi ne a Madani kafin gudu. Hajo ta lura yana rungume da wata jakar buhu a ƙirji, ko da aka ba shi ruwa bai ajiye ta ba. Ta so ta tambaya, ta cije.

Suka iso ɗan ɗakin da wata matashiya mai gyara, Alaa, take aiki. Rufa'i ya ɗaga wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu ya ce, "Wannan shi ne ma'ajiyar kwamfuta. Ko ta mutu, abin da mai ita ya ajiye yana nan ciki. Shi ya sa a ɗakin nan muke shafe shi, kuma ba ma buɗewa mu kalla. Amanar mutane ce."

Harun ya matso. "Ɗana, ko da ta faɗa ruwa?"

Rufa'i ya dubi Hajo. Ita kuwa ta kawar da kai. Sai ya kira mutumin baffa da Larabci, ya ce, "Ban sani ba, Ammu. Ga Alaa, mu tambaye ta."

Harun ya kwance jakar. Ƙaramar kwamfuta ce irin ta ɗauka a hannu, laka ta bushe a jikinta. Ya ce a hanyar gudu ta suɓuce a magudanar ruwan gona. Hotunan matarsa, wadda ta rasu tun kafin yaƙi, a nan kaɗai suke. Sannan ya ce shi gaskiya ba aikin sa-kai ya kawo shi ba.

Alaa ba ta yi masa alkawari ba. Ta zare ma'ajiyar, ta goge tsatsar, ta ce ya dawo jibi.

Ya dawo tun kafin a buɗe ƙofa. Da Alaa ta haɗa wayoyi allo ya haskaka, Hajo ta juya ta fuskanci bango, duk da wuyanta kamar ya juya da kansa. Ta ji Harun ya ja numfashi. Can ya ce, "Hajja, zo ki ga Raliya."

Ta zo. Da yawa hotunan sun lalace, wasu rabi ne kawai suka fito. Amma ga mace nan mai wushirya, zaune a tsakar gida gaban kasko, tana kare fuska da hannu tana dariya.

"Allah ya jiƙanta," Hajo ta ce. Ta ƙara matsowa. "Wainar kisra take yi? Wannan bishiyar ta bayanta fa, lemo ce ko gwaiba? Ku kuka shuka?"

Harun ya ce gwaiba ce, Raliya ce ta shuka, kuma ba ta taɓa yin 'ya'yan kirki ba. Yana faɗa yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Hajo ta ci gaba da tambaya, shi kuma yana amsawa, har aka kira azahar.

Bai daina zuwa ba bayan nan. Ya koyi kwance kwamfuta, daga baya Lamis ta koya masa zagayawa da baƙi, ya zama shi ne ya fi kowa haƙuri da tsofaffi. Da hanya ta buɗe ya koma Madani ya duba gidansa. Ya aiko da saƙon murya cewa ƙofofi babu, amma bango na tsaye.

Yanzu Hajo ta fi zama a benci, gwiwa ba ta barin ta yawo. Kwanan nan ta kira Alaa ta ce, "Abin da kike shafewa, ina yake tafiya?"

"Ba ya tafiya ko'ina, Khala. Rubutu ake yi a kansa, kamar a bi gona da garma."

Hajo ta ce, "Amma gonar da aka bi da garma, in ruwa ya sauka, tsohuwar dawa takan fito nan da can."

Alaa ta ajiye sukurdireba, ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, ta ce, "To, bari mu fara daga farko."