Malam Zaharadeen da Ram Talatin Marasa Suna

Da hantsi ya fito za ka tarar Malam Zaharadeen ya buɗe ɗan shagonsa a bayan tashar Talata Mafara. Sai ya share tebur, ya jera sukundireba, ya ajiye gilashin ƙara girman rubutu, da guntun alli, da wani tsinken kara mai zane uku wanda ba ya yarda kowa ya taɓa. Shekara ashirin da biyu ke nan yana gyaran kwamfuta. Yanzu ido ya gaji, ya ce ƙarshen wata zai ajiye aiki. Ni kuwa na ce wallahi ba zai tafi shiru ba.

Ni malama ce a wata makarantar al'umma a wajen Bakura. Bara da damina rufin ɗakin kwamfutarmu ya yi yoyo. Muka kwance injinan, muka ciro ram ɗinsu, wato ƙananan allunan nan masu haƙora da kwamfuta ke riƙe aiki a kansu. Maigadinmu Yaya Sulaiman, manomi ne na gaske, ya yi musu abin da ake yi wa jiƙaƙƙen gero. Ya shanya su a faifai, da ya ga takardun jikinsu sun nannaɗe, ya kankare su tas da farce. Ram talatin, ba suna ba lamba, injinan kuma kyauta ce daga wurare daban-daban, ba iri ɗaya ba ne.

Saura kwana biyu masu duba cibiyoyin jarrabawa su iso. In injinan ba su tashi ba, sai yaranmu su tafi Gusau. Mahaifin Taibatu, ɗalibata mai son aikin jinya, ya riga ya yanke magana: ko ta rubuta a nan, ko ta haƙura, ba za ta hau wannan hanya ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Muka ɗauko Malam a kan babur. Bayan doguwar gaisuwa ya dubi faifan, ya dubi maigadi.

"Yaya Sulaiman, mi kay yi musu haka?"

"Gyara su niy yi, Malam. Dauɗa ta ga jikinsu."

"To, Allah shi saka. Amma wagga dauɗa ita as sunansu."

Shugaban makarantarmu ya ce a dinga cusa su cikin injinan har a dace. Malam ya girgiza kai ya ce, "Ranka shi daɗe, ba a yi ma ram dole."

A gabanmu ya zauna. Ya auna tsagar da ke tsakanin haƙoran kowanne da tsinkensa, ya ware su kashi uku, tsoho da matsakaici da sabo. Ya goga alli a kan baƙaƙen ƙwayoyin da ke manne a jikin kowane ram, lambobin da suka dushe suka fito fari. Ya karanta abin da ƙwaya ɗaya ke ɗauka, ya ƙirga ƙwayoyin gaba da baya, ya ce wannan giga biyu, wancan huɗu. Idonsa na ruwa, yana sharewa da hannun riga. Kafin la'asar injina ashirin da takwas sun tashi, ram biyu kawai ruwa ya kashe. Na yi guɗa a gaban shugaba, ban ji kunya ba!

Kai ne, Malam, mai karatun abin da aka goge. Kai ne ka nuna mana cewa sannu ba ta hana zuwa. Mun gode, Allah ya ƙara wa idonka haske.

Ku masu gyara na Mafara da Maradun, ku je ku zauna gabansa kafin wata ya ƙare, ku koyi duba abu kafin ku cusa shi. Taibatu dai ta rubuta jarrabawarta a garinsu, ta ci, yau tana makarantar jinya. Ko fuskarka ba ta sani ba, Malam, amma ta ce in gaya maka kana cikin addu'arta.