Wasiƙar da Inna Tafireta Ta Ɓoye

Inna Tafireta ake ce mata har yau, ko da yake tafiretar ta daɗe da yin tsatsa a ƙarƙashin gado. Ita ce mai buga wa yayanta takardu lokacin da ya ja ma'aikatan masaƙa yajin aiki na kwana arba'in. Yajin ya rushe, aka ce shi ya sayar da su. Da wannan tabon ya mutu, ya bar mata ɗaki guda da akwatin ƙarfe cike da takardunsa.

Shekara talatin babu mai ƙwanƙwasa mata ƙofa sai mai karanta mita. Kwatsam sai ga wani malamin tarihi, dogo, mai yawan tari, wai yana son rubuta rayuwar Yaya. Kowace Laraba yakan zauna a kujerar roba, ya sha shayi, ya saurare ta. Saurare fa na gaske, ba irin na 'yan yanzu da ido ke kan waya ba.

Inna kuwa ba ta da wauta. Ta san ranar da akwati ya ƙare, Laraba ma ta ƙare. Sai ta riƙa ba shi takarda ɗai-ɗai, kamar mai ba majinyaci magani.

"Inna, babu saura?"

"Kai dai Malam ka cika gaggawa. Sai na duba."

Alhali ta sani sarai. A ƙasan akwatin akwai wasiƙar manajan masaƙa, yana yi wa Yaya tayin gida da muƙami in ya janye yajin, a bayanta kuma amsar Yaya, wadda ita ta buga da hannunta: ba ya so. Wannan kaɗai ce za ta wanke shi. Shekara huɗu tana ce wa ranta mako mai zuwa, don tana tsoron kujerar ta koma babu kowa.

Wata Laraba shayi ya huce. Ta biyu ma haka. A ta uku matar Malam ta aiko cewa tarin nan ya yi ajalinsa, takardunsa kuma an kai su ma'adanar jami'a.

Ta ƙulle wasiƙar a gyale, ta hau mota zuwa ma'adanar. Ma'aikaciyar wurin ta ce, "Yi haƙuri Mama, an riga an sa wa komai lamba, ba a ƙari. Amma kina iya dubawa."

A kwali na tara ta tarar da babin yajin, Malam bai ƙarasa shi ba. A gefen shafin ga rubutunsa ƙanana: "Hujjar tana wurin Inna, na tabbata. Ba zan matsa mata ba. In ta ba ni, da wane dalili zan riƙa zuwa?"

Ta daɗe a zaune, hawaye na zuba. Ashe su biyu ne suke jan ƙafa, suka bar Yaya da tabonsa.

Ta faki idon ma'aikaciyar, ta zura wasiƙar cikin babin, babu lamba. Da ta koma gida ta ɗora ruwa, ta sauko da kofi biyu kamar kullum, sannan ta mayar da ɗaya.