Ranar da Na Goya Gwaggo a Babur

Gwaggo, yayar Babanmu, ta rasu kafin kuɗin arzikin man fetur su fara zagayawa a Fagge. Ba ta ga babur ɗin da Baba ya saya ba da aka yi ƙarin albashi, ita da kullum take masa faɗa cewa keke zai kashe masa gwiwa.

Wata rana cikin azumi, ina 'yar sakandare, na kwanta bayan azahar. Sai ga ni a tsakar gida, ga Gwaggo a kan tabarma tana ninke atamfofin da take sayarwa. Na ji ƙamshin sabon zane, na ga tabon ƙunar da ke bayan hannunta. Nan take na tuna ai ta rasu, na ce a raina, ashe mafarki nake. Amma ban farka ba.

Na ce, "Gwaggo, taso in kai ki Sabon Gari."

Ta ce, "Ke? A kan me?"

Na nuna mata babur. Ko keke ban iya ba, amma tunda na san mafarki ne, sai na hau na buga shi ya tashi. Ta hau baya, ta ƙanƙame ni tana salati, yatsunta suna danna min ciki har ina jin zafi.

Muka tsaya a rumfar ƙawarta, wata 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da manja, wadda Gwaggo ke kira Madam. Suka rungume juna suna shewa. Madam ta miƙo min soyayyar ayaba a takarda. Na ci, ga zaƙi ga gishiri, har ta ƙona min harshe.

Da ɗanɗanon a bakina na farka. Na ruga zaure, na tarar da Baba yana goge babur, na ce, "Baba, na ci ayaba, azumina ya karye?"

Da ya ji yadda aka yi, ya yi dariya har ya zauna a dakali. Ya ce, "Azuminki na nan daram." Can kuma ya ce, "Ya kika gan ta? Tana tarin nan?"

Na ce ko sau ɗaya ba ta yi ba.

Ya ce alhamdulillahi, ya sa na sake ba shi labarin daga farko, yana tsayar da ni yana tambayar kalar zanen da ta ɗaura.