Ranar Awon 'Yan Mata

Wata Talata ce ta kaka, shekarar da nake aji uku a firamare. Ina tsaye a bayan gidanmu a Madachi riƙe da tsani, yayata Saratu tana cikin rumbun dawa, an kife mata murfi. Inna ta ce duk wanda ya tambaya in ce ta tafi Kibiya gaisuwa.

Kalma ɗaya ce ta jawo. Saratu tana aji ɗaya a ƙaramar sakandaren da aka buɗe mana. Kullum sai ta ɗebo ruwa, ta share tsakar gida, ta zuba wa awaki harawa, sannan ta sa farin hijabinta ta fita, ni ina bin ta da gare-gare. Sai hedimasta ya aiko cewa baƙi za su zo daga birni "awon 'yan mata". To mu awo biyu muka sani, na hatsi a kasuwa da na masu ciki a asibiti. Baba ya ce 'yarsa ba gero ba ce. Inna kuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Budurwa za a kwantar a duba? Sai bayan raina." Kafin la'asar magana ta zaga gari, har ana cewa wadda aka auna ba ita ba haihuwa.

Ranar Talatar, ina nan gindin rumbu na ji ƙarar motar baƙin. Rana ta take. Saratu ta fara bugun rumbu tana cewa, "Sani, buɗe ni, ƙaiƙayi zai kashe ni." Can sai ta yi shiru. Na kira, ba amsa, kuma an hana ni hawa. Sai da motar ta tafi Baba ya ciro ta a galabaice, jiki duk ya yi ruɗu-ruɗu.

Ashe ƙidaya kawai suka zo yi, su ga mata nawa, maza nawa. Suka tarar da bencin mata wayam, kowane gida ya ɓoye tasa. Aka ce garin ba ya buƙatar ajin mata, aka mai da shi Rano. Ga nisa, ko keke kuma ba mu da shi. Karatun Saratu ya tsaya nan.

Bara 'yata ta dawo daga sakandare ta ce za a zo ƙidaya. Saratu, da furfurarta, ta raka ta har aji, ta tsaya a taga sai da ta ga an ƙirga ta. A hanya ta ce min, "Ni a rumbu aka ƙirga ni, tare da dawa."