Malam Bunyaminu, Mai Kau da Kai a Kasuwa

Kullum bayan asuba Malam Bunyaminu yakan buɗe ɗakin sikanin, inda ake ɗaukar hoton cikin jiki, na wani ɗan asibiti a Bagudo, ya goge na'ura, ya ninke zannuwan rufe jiki. Shekara ashirin ya yi yana haka. Duk ranar da likita ya zo daga Birnin Kebbi, shi ke riƙe na'urar, hoto ya nuna 'yar tsokar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, likita ya kai allura daidai inda ake zargin ciwon daji, ya ɗebo ɗan abin da za a kai gwaji.

Wahalar aikin ita ce kunya, domin ta dubura ake sa na'urar. Mahaifin Bunyaminu ma fitsari ya riƙe shi, ya ce gara kabari da a gan shi haka. Kabarin kuwa ya tafi. Bunyaminu bai daina kewarsa ba.

Shi ya sa ya ɗaukar wa kansa doka: duk wanda ya kwanta a gadon nan, in sun haɗu a kasuwa, zai wuce kamar bai san shi ba.

Ɗanmaliki, wani tsohon masunci daga tsallaken iyakar ƙasar Binin, ya taɓa zuwa gwajin, da ya ji yadda ake yi sai ya miƙe zai fita.

"Ɗana, ban yi. Gobe ka gan ni cikin mutane, da wane ido?"

"Baba, idona na kan allo. Kuma daga yau ban san ka ba, sai in kai ka gaishe ni."

Tsoho ya kwanta. Aka kama ciwon da wuri, ga shi har yau yana jefa taru.

Kai ne mai rufin asirin dattawa, Malam. An ce maka mai girman kai, ka haɗiye, alhali zuciyarka na son a ce maka sannu.

Ranar da ya ajiye aiki ya shiga kasuwa sayen kifi. Ɗanmaliki ya tare shi gaban kowa, ya kama hannunsa.

"Jama'a, wanga ya san ni. Shi ya duba ni."

Sai ga wani daga Zagga, ga wani daga Sharabi, duk waɗanda ya taɓa dubawa, suka yi layin gaishe shi. Malam yana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba.

"Da mahaifina ya yarda," ya ce, "da yana cikin layin nan."

Mun gode, Malam, Allah Ya saka. Masu aikin asibiti, ku koyi wannan hali. Ku kuma masu tsoho a gida, ku lallashe shi ya je tun yana iya tafiya da ƙafarsa.